Likita Bai Ce Shi Ne Ba

Lahadi, da hantsi

Lele ta farka. Abin da ta fara cewa shi ne, "Umma, ta nawa na zo?"

'Yata ke nan, ita kaɗai Allah ya ba ni, shekararta goma sha biyu. Tana kwance a gadon asibiti, an manna mata wayoyi a ƙirji, wata na'ura tana ta ƙara a saman kanta, amma ita damuwarta tseren jiya ne. Na ce mata ba a fitar da sakamako ba tukuna. Ƙarya na yi. Ba ta kai ƙarshen layi ba. Ta shawo kwanar ƙarshe tana gaban kowa, ana ta ihu "Barewa! Barewa!", sai na ga ta dafe ƙirji, ƙafafun suka harɗe, ta tafi ƙasa. Abin da na gani bayan nan, a filin makaranta da cikin motar asibiti, ba zan rubuta shi ba.

Nas ta ce a riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Na zuba a kofi na kai bakinta. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce lami ne. Na ce dama haka Allah ya yi shi. Ta juya ta fuskanci bango.

Babanta yana waje yana amsa waya. Tun jiya yake amsa waya.

Lahadi, da yamma

Likita ya zo zagaye, wani mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya tambayi me ta ci jiya kafin tsere. Na ce ba ta karya ba, kocinsu ya ce ciki mai nauyi ba ya gudu. Ya ce, "To, ta sha wani abu?"

Na kalli Baban Lele. Shi kuma ya sami abin kallo a takalminsa.

Ni na faɗa. Na ce Tartsatsi, lemon gwangwanin nan da ake cewa yana ƙara kuzari. Ban ƙara da cewa mijina ne direban da yake raba shi shago-shago a motar kamfanin ba. Ga tambarin nan a aljihun rigarsa, likita yana da ido. Ya ce gwangwani nawa? Na ce ɗaya, don ɗaya na gani. Lele ta fito da hannu daga cikin bargo ta ɗaga yatsu uku.

Likita ya ajiye biro. Ya ce ba zai ce mana shi kaɗai ne ya kayar da ita ba sai an gama gwajin zuciya. Ya ce amma abin da ke cikin gwangwanin nan irin sinadarin da ke cikin gahawa ne, mai hana barci, mai sa zuciya gudu, ga sukari kamar an kifar da buhu. Ya ce ba abin yara ba ne ko da ƙoshi, balle da yunwa a tsakar rana. Ya ce yaro, yana gudu ne ko yana zaune, ruwa ne abin shansa. Ya sa ta buɗe baki, ya haska haƙoranta, ya girgiza kai.

Da muka fito baranda, Baban Lele ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Kin dai ji, Maman Lele. Likita bai ce shi ne ba."

Duk cikin maganar nan, abin da kunnensa ya tsinta ke nan.

Litinin, da safe

Koci ya zo. Ƙanin Baban Lele ne, shi ne malamin wasanni a makarantarsu, shi ya raɗa mata Barewa. Ya shigo da fara'a, da usur a wuya kamar asibitin ma fili ne. Ya ce, "Matar Yaya, ya mai jiki? Rana ce kawai ta buge ta. A gabana manya ma sun sha faɗuwa." Ya juya wajenta ya ce, "Barewa, ki tashi fa, gasar makarantu tana nan tafe." Sai ga ta tana murmushi, murmushin da ni ban samu ba tun jiya.

Da na tanka masa, da an fitar da ni daga ɗakin.

Ni dai na faɗa. Tun farkon shekara nake faɗa, lokacin da kamfanin ya ba 'yan wasan riguna da takalma, ya fara aiko musu da katan-katan duk ranar atisaye. Na ce yarinyar nan ba ta barci. Na ce hannunta rawa yake in tana zura min zare a allura. Na ce gorar ruwan da nake cika mata da safe a cike take dawowa. Koci ya yi dariya ya ce, "Matar Yaya, ruwan famfo ai na wanki ne. Zakaru ba da shi suke gudu ba." Babanta ya taya shi dariya. Aka ce girma ne yake zo mata. Aka ce ni tela ce, in tsaya a kan keke da almakashi.

To ga shi na tsaya, amma a bakin gado.

Litinin, da yamma

Ta sha ruwa rabin kofi. Ta ce kanta kamar ana sara da gatari.

Talata, da rana

Surukata Hajiya ta zo da ledar lemo. Ta zauna a kujerar da nake kwana a kai, ni na tsaya. Ta ce baki ne. Wai yarinya kullum ana ambaton sunanta a fili, dole bakin mutane ya kama ta.

Can tana ɓare lemo, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Mu dai a danginmu ba a san ciwon zuciya ba. Ta wajenku fa?"

Na ce, "Babu, Hajiya."

Ta ce, "To, a dai bincika. Wani abin ba a faɗa wa yara."

Wato yanzu za a bi kaburburan iyayena ana neman cuta. Amma ƙaramin ɗakinmu na ajiya, inda katan-katan suka kusa taɓo silin, babu wanda ya ce a leƙa.

Laraba, da hantsi

Na leƙa shago don in ba mutane haƙuri. Kayan makarantar yara ne jibge a kan tebur, na yanka ban haɗa ba, ga rigar wata malama da na bari a ƙarƙashin allura tun ranar Juma'a. Ina ƙoƙarin buɗe kwaɗo sai maƙwabciyata mai kitso ta fito da gudu ta riƙe min hannu. Ta ce, "Maman Lele, kar ki juya." Ai kuwa kamar ta ce in juya.

A bangon da ke kallon shagona, gefen tashar mota, sun liƙa hoto, tsawonsa ya fi ƙofa. Lele ce, da rigar wasa, tana dariya, ta ɗaga gwangwani sama kamar ta ci kofi. A ƙasa an rubuta: BAREWA TA SHA. KAI FA?

Jiya suka liƙa. Jiya, tana kwance da wayoyi a ƙirji.

Na kira babanta. Ya ce tun wata biyu da suka wuce aka ɗauki hoton, ya manta bai faɗa min ba. Ya ce masu liƙawa daban suke, ba su san abin da ya faru ba. Na ce, "Kai da ka sani fa?" Ya ce yana tuƙi, zai kira ni.

Na yi ɗinki na ɗan lokaci da labule a sauke. Duk layin da na ja sai da na farke.

Alhamis, da yamma

An sallame mu. Za a dawo gwaji. Ba gudu, ba tsalle, ba gwangwani.

Muna shiga gida na wuce firij. Na kwashe gwangwanayen duka na zuba a bokiti na kai ƙofar ɗakin ajiya. Baban Lele ya ce, "Ki bi a hankali, kayan kamfani ne." Na ce in kayan kamfani ne su koma gidan kamfani. Ya ce ba haka ake yi ba. Na ce to yaya ake yi? Ya wuce falo.

Na shiga gyara mata gado. Na ja katifa don in juya ta, sai na ji ƙwaram-ƙwaram. Gwangwanayen da aka shanye ne, an lotse su, an jera tsakanin gado da bango. Ban ƙirga ba. Sun cika ledar shara, ƙananan tururuwa suna bin su layi-layi.

Na cika jug da ruwa na ajiye mata a gefen gado, na rufe da faranti.

Juma'a, da safe

Jug ɗin yana nan yadda na bar shi.

Juma'a, da yamma

Ciwon kai, kuka, jifa da filo. Nas ta gaya min za a yi haka in jiki ya saba da abu aka raba shi da shi, ta ce zai wuce. Ba ta gaya min cewa ni za a tsana ba.

Lele ta ce, "Umma, kurɓa ɗaya kawai. Wallahi in na sha kaina zai daina." Na ce a'a. Na yanka mata kankana, na jefa yankan lemon tsami a ruwan ko zai yi mata ɗanɗano. Ta ture. Ta ce, "Ke kika faɗa wa likita. Da kin yi shiru da yanzu ina fili. Ke dama ba kya son in yi gudu."

Ni ba na son ta yi gudu. Ni da na rage mata wandon wasa da hannuna, na ƙara masa aljihu a ciki. Ni da nake rufe shago ranar kasuwa in je in tsaya a rana ina ihu kamar mahaukaciya.

Babanta yana falo yana jin mu. Ya ƙara sautin talabijin.

Asabar, da rana

Mun yi baƙo, manajan su Baban Lele. Ya zo da kwandon 'ya'yan itace an naɗe da leda mai ƙyalli. Mutum mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni, komai "Hajiya, Hajiya". Ya ce kamfani yana tare da mu. Ya ce a jikin kowane gwangwani an rubuta ba na yara ba ne, wai ko ban lura ba? Ya ɗauko ɗaya daga jakarsa ya nuna min. Sai da na sa tabaran da nake zura allura da shi sannan na ga rubutun.

Na ce, "Yallaɓai, wadda ke jikin hoton nan na bakin tasha, babba ce?"

Ya yi dariya ya ce ai wannan ɓangaren talla ne, shi ɓangaren rabo yake.

Da zai tafi ya sa aka shigo da wani katan daga mota. Robobi ne masu shuɗin ruwa. Ya ce wannan ba irin wancan ba ne, na 'yan wasa ne zalla, babu abin hana barci, yana mayar wa jiki abin da gumi ya fitar. Ya ce kyauta ce ga Barewa. Baban Lele ya karɓa da hannu biyu yana godiya.

Bayan ya raka shi ya dawo ya ce, "Kin ga mutanen nan suna da kirki." Sannan a hankali ya ce, "Ranar Alhamis akwai taron iyaye a makaranta. Ba sai kin je ba, ni zan je."

Lahadi, da safe

Ta sha ruwa kofi guda da kanta, tana zaton ba na ganinta. Na shiga kicin na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Litinin, da rana

Mun koma asibiti. An shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji an duba zuciyar a allo, an kuma ɗaura mata wata 'yar na'ura da za ta kwana da ita. Na ɗauki robar shuɗin ruwan nan a jaka na nuna wa likita.

Ya juya ta ya karanta, ya ce, "Hajiya, ruwa ne da sukari da gishiri da kala. An yi shi ne don ƙaton da zai yi awanni yana zubar da gumi. Yarinyar da za ta zaga fili sau ɗaya ba ta buƙatarsa. Wannan ba zai sa mata bugun zuciya kamar wancan ba, amma haƙoranta zai ci, ya kuma hana ta jin daɗin ruwa. Ki ba ta ruwa, ki ba ta abinci, ta yi barci."

Na ce, "Likita, don Allah ka faɗa wa babanta haka da bakinka." Ya ce in ce masa ya zo. Na ce yana aiki.

Da na maimaita wa Baban Lele a gida, ya ce, "To ai kin ji, ya ce wannan ba ya sa bugun zuciya."

Kunnen mutumin nan kamar rariya yake. Abin da yake so kawai ke tsayawa.

Talata, da yamma

Mai kitso ta shigo shago ta rufo ƙofa. Ta ce mata biyu sun yi zancen a wurinta yau: wai 'yar tela da ciwon zuciya aka haife ta, gado ne ta wajen uwa, wai an daɗe ana ɓoyewa. Na ce wa ya faɗa? Ta ce ɗayar a gidan Hajiya ta ji.

Na ci gaba da taka keke. Allura ta karye. Na sa wata.

Laraba, da yamma

Baban Lele ya zauna a bakin gado yana murza hula. Ya ce, "Maman Lele, ki dube ni. Shekara nawa na yi ina zaman jiran aiki kafin in sami wannan? In kika tashi a taron nan kika kira sunan kamfani, ni za a kora. Ƙanina kuma makaranta za ta ɗora masa laifi. Hajiya ba za ta yafe miki ba. Yarinya ta tashi, alhamdulillahi. A bar kaza cikin gashinta."

Na ce, "Sauran yaran fa? Akwai 'yan shekara takwas a cikinsu."

Ya ce, "Suna da iyaye."

Na ce, "Lele ma tana da su."

Ya tashi ya fita. Ba ƙarya ya yi ba a kan aikin, na sani. Na san zaman da muka yi kafin motar nan. Abin da ya fi ci min rai ke nan, ba zan iya cewa ƙarya yake ba.

Alhamis, da yamma

Na je.

An jera kujeru a babban aji, fanka ɗaya ce ke aiki. Shugabar makaranta ta yi maganar kuɗin jarrabawa, ta yi maganar katangar baya, sannan ta ce, "Ɗalibarmu da ta sami 'yar matsala ta rashin lafiya tana samun sauƙi, muna yi mata addu'a." Aka ce amin. Ta ɗauko batu na gaba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Baban Lele yana layin maza, ban kalli wajen ba.

Na ce ni ce uwarta. Na ce ba da ciwo na haife ta ba. Na ce ranar da ta faɗi gwangwani uku ta sha ba ta ci komai ba, kuma a filin nan aka miƙa mata biyu daga cikin kular ƙanƙara. Na faɗi abin da likita ya ce game da ruwa, yadda ya faɗa, ban ƙara gishiri ba. Na ce ku je gida ku ɗaga katifun 'ya'yanku.

Wata mata a baya ta ce, "Nawa ma ba ya barci." Wata ta ce nata ɗan haƙoransa na gaba duk sun zaizaye.

Sai wani mutum mai babbar riga ya miƙe ya ce, "Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Amma likitan ya ce lemon ne ya kayar da ita?"

Na ce bai gama gwaji ba.

Ya ce, "To kin gani. In kamfanin ya yi fushi ya janye, wa zai saya wa yaran takalma? Ke?" Wasu suka yi dariya.

Koci ya ce shi bai taɓa tilasta wa kowa ba, yara ne ke so. Shugaba ta ce za a kafa kwamiti.

Mun dawo gida a mota ɗaya. Har muka iso shi titi yake kallo, ni kuma taga.

Juma'a, da safe

Bai karya ba ya fita. Hajiya ta aiko a faɗa min ta gode.

Litinin, da rana

Sanarwa ta fito: an hana shiga da gwangwani cikin makaranta. Mai kitso ta rungume ni ta ce na yi nasara.

Na bi ta ƙofar makarantar da zan je sayen zare, daidai lokacin tashi. Mai kantin da ke bakin ƙofa ya sa sabon firij, ja, da tambarin a jiki. Yara sun yi cincirindo, ƙanana suna ɗaga hannu sama da kuɗin tara. Wani ɗan mitsitsi, jakarsa ta fi shi girma, ya riƙe gwangwani da hannu biyu yana sha yana lumshe ido.

Na san motar da ta kawo firij ɗin. Ni nake wanke rigar direbanta.

Talata, da yamma

Ba a kore shi ba. An canja masa layi, an ba shi unguwannin bayan gari, sai duhu yake dawowa. Bai ce laifina ne ba. Yana dai ajiye makulli da ƙarfi.

Laraba, da rana

Sakamako ya fito. Zuciyarta lafiya lau, babu rami, babu kumburi, babu abin da aka haife ta da shi. Likita ya ce zafin rana da yunwa da rashin ruwa a jiki da abin da ta sha duk sun taru a kanta, ba zai iya ware ɗaya ya ce shi kaɗai ne ba. Ya ce ta huta zuwa ƙarshen zango, sannan ta koma a hankali. Ya dubi Lele ya ce, "Ke da gwangwanin nan kun rabu har abada, kin ji ko?" Ta ce ta ji.

Na yi ta hamdala. A mota kuma sai murnar ta ragu, don na san jimlar da za a tsinta a gida.

An kuwa tsince ta. Baban Lele har Hajiya ya kira ya faɗa mata. Ban ji an ce a nemi afuwar iyayena ba.

Asabar, da hantsi

Yau ake gasar makarantu. Ta tashi da wuri, ta sa rigar wasanta, ta zauna a bakin taga. Ba ta ce a kai ta ba. Na tafi da ita shago, na ba ta maɓallai ta ware min kala-kala. Hannunta ba ya rawa yanzu. Ta zura min zare sau ɗaya ya shige.

Ta ɗaga labule ta daɗe tana kallon hotonta a bango. Ruwan sama ya fara ɓanɓare gefensa. Ta ce, "Umma, ranar da aka ɗauki hoton nan sau da yawa suka sa na sha, wai dariyar ba ta fito ba." Ta saki labulen.

Asabar, da yamma

Mun zauna cin abinci mu uku, abin da muka daɗe ba mu yi ba. Shinkafa ce, ga jug a tsakiya. Babanta yana ta ƙoƙarin jan ta da hira, yana ba ta labarin wata akuya da ta shiga motarsa a bayan gari. Ba ta yi dariya ba. Tana ta juya cokali.

Can ta ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am, 'yar lelen Baba."

Ta ce, "Kai kullum kana cikin motar Tartsatsi, ga shi cike da ɗaki. Amma ni ban taɓa ganin ka sha ba."

Ya yi dariya, bakinsa da abinci, ya ce, "Ni? Rufa min asiri. Sau ɗaya na taɓa sha, na kwana zuciyata tana dukan ƙirji kamar za ta fito. Tun daga ranar ban ƙara..."

Bai ƙarasa ba.

Ni wallahi ban ko ɗago kai ba. Na ji ƙarar cokalinsa a kan faranti. Lele tana kallonsa, ba kuka, ba fushi, kallo kawai irin na wanda ya gama lissafi.

Ta ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Da daɗewa."

Ta ce, "Kafin ka fara kawo min?"

Ya miƙa hannu zai dafa kanta, ta sunkuya ta ɗauki farantinta ta kai kicin. Na ji ta buɗe famfo ta wanke shi, ta wuce ɗaki ta ja ƙofa a hankali.

Ya daɗe a zaune. Abincin ya huce a gabansa. Ya ce, "Maman Lele, ni na ɗauka jikin yara daban ne." Na tattara kwanuka.

Litinin, da sassafe

Ya yi wanka, ya sa rigar mai tambari. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Lele, na tafi." Tun ranar da ya sami aikin nan ita take raka shi bakin mota ta riƙe masa makulli. Yau ya kira sau biyu. Tana ciki, idonta biyu, ina jin motsinta.

Ya ɗan jira. Sannan ya ɗauki makullinsa da kansa. Shaguna suna jiransa.